Daren Mi'iraji da agogon Einstein: ɗana ya yi mini tambaya na kasa amsawa

Baban Sadiƙu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku taimaka mini da wani abu da ya hana ni barci. Daren jiya mun je wa'azi da babban ɗana, yana aji biyu a babbar sakandare. Mai wa'azi ya ɗauko Isra'i da Mi'iraji, har ya kawo inda ya ce Bature ma ya tabbatar da abin, wai Einstein ya gano duk wanda ya yi gudun haske lokaci tsaya masa yake yi, shi ya sa Annabi (SAW) ya je ya dawo shimfiɗarsa ba ta huce ba. Masallaci ya ɗauki kabbara, ni ma na yi. Muna komawa gida, yana bayana a kan babur, sai ya ce, "Abba, ai abin da na karanta akasin haka ne. Mai tafiyar shi ne lokacinsa yake gajarta, na gida su tsufa. Da haka ne, da Annabi ya dawo ya tarar shekaru sun wuce a Makka." Na daka masa tsawa na ce ya rufe mini baki. Har muka isa gida bai ƙara cewa uffan ba, ya shige ɗaki ko abinci bai ci ba. Ni ɗan kasuwa ne, boko bai yi mini nisa ba. Yaron nan yana kan hanyar ɓata ne, ko kuwa ni ne na zalunce shi?

Malam Nura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah yau ɗin nan ka kira shi ka ce masa ya yi gaskiya. Fiziks nake koyarwa, kuma da ɗalibina ne ya kama wannan da kansa da na yi alfahari da shi.

Ga yadda abin yake. A 1905 Einstein ya nuna cewa agogon abin da ke gudu yana tafiya a hankali in an gwada shi da agogon wanda aka bari a gida. A ce Hassan ya hau wani jirgi mai kashi 99.5 cikin ɗari na gudun haske, Hussaini yana gida. Hassan zai ƙirga shekara 1 a tafiyarsa, ya dawo ya tarar Hussaini ya ƙara shekara 10. Matafiyi ya rayu kaɗan, na gida sun rayu da yawa.

To duba Mi'iraji. Wanda aka yi tafiyar da shi, shi ne ya ga abubuwa masu yawa: Baitul Muƙaddas, salla da annabawa, sammai bakwai ɗaya bayan ɗaya, kai da komo tsakanin Ubangijinsa da Annabi Musa har salla 50 ta koma 5. A Makka kuwa dare ɗaya bai ƙare ba. Ka ga an juya lissafin ke nan. Ban da haka ma, a wannan ka'idar babu wani abu mai nauyi da zai iya kai gudun haske ko kaɗan. Wanda ya ce Einstein ya bayyana Mi'iraji bai karanta Einstein ba.

Abu Hafsat:
Wannan shi ne sakamakon ɗauko Turawa a kafa hujja da su a kan mumbari. Lokacin da Ƙuraishawa suka ruga wurin Abubakar suka ce abokinka yana cewa ya je Baitul Muƙaddas ya dawo a dare guda, bai nemi lissafi ba. Cewa ya yi in har ya faɗa to gaskiya ne, ai ina gaskata shi a kan abin da ya fi wannan nisa, labarin sama. Shi ke nan. Ayar ma da "Subhana" ta fara. Kuma maganar shimfiɗa ba ta huce ba, babu ta a Bukhari, babu ta a Muslim. Masu wa'azi su ji tsoron Allah.

Baban Sadiƙu:
Na gode Malam Nura, jikina ya yi sanyi. Amma shi wannan jinkirin agogo, an gani da ido ne ko hasashen Bature ne a takarda?

Malam Nura:
Yana cikin aljihunka Alhaji. Taswirar wayarka da take nuna maka layin da kake tsaye, da taurarin ɗan'adam na GPS take aiki. Suna can sama da nisan kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Gudun da suke yi yana sa agogonsu ya makara da kashi 7 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Nisansu da janyowar ƙasa kuma yana sa shi ya yi gaba da kashi 45. In ka cire, saura 38 ke nan a rana. Ƙanƙanin abu ne, amma da ba a gyara shi ba, kullum sai taswira ta kauce da wajen kilomita 10. A 1971 ma wasu masana biyu a Amurka sun ɗora irin waɗannan agogai a jirgin fasinja suka zagaye duniya, da suka sauka agogansu sun saɓa da wanda aka bari a ƙasa, daidai gwargwadon yadda lissafi ya ce.

Don haka abu ɗaya dai ya tabbata: babu wani babban agogo guda da yake bugawa duk halitta. Tunanin cewa akwai irin wannan agogon kam fiziks ya rushe shi.

Injiniya Bashir:
Malam Nura tsaya, ka ba da ƙafa. Kai da bakinka ka ce wanda ya yi sama agogonsa yana sauri. To ai wannan ya dace da Mi'iraji. An yi sama da shi, lokacinsa ya yi yawa, na ƙasa ya yi kaɗan. Ka'idar Einstein ta 1915 ke nan, ta janyowa, ba ta 1905 ba.

Malam Nura:
Injiniya ka iya kamu, kuma ta fuskar alkibla ka yi daidai. Sai dai ka auna girman abin. Ko mutum ya fita daga janyowar ƙasa gaba ɗaya, ribar da zai samu ba ta wuce kashi 60 cikin miliyan na sakan a rana ba. Ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Na biyu kuma, wa ya ce mana sammai bakwai wani wuri ne da ake aunawa da kilomita? Na'urar hangen nesa tana kamo hasken da ya yi shekaru biliyoyi yana tahowa, ba ta taɓa cin karo da wata ƙofa da mai gadi ba, alhali hadisi ya ce a kowace sama sai da Jibrilu ya nemi a buɗe, aka tambaye shi wane ne, wa ke tare da kai. Ni na yi imani da ƙofofin nan. Abin da na ƙi shi ne in ce ma'aunina yana kai wa gare su.

Sidi Bala:
Salamu alaikum. Ni abin da yake ba ni mamaki, mu da muke da wannan ilimin tun kafin a haifi kakan Einstein, mu ne muke neman aro. Malamanmu suna kiransa naɗe ƙasa da naɗe zamani. Kuma ba tatsuniya ba ce. A Suratun Namli, ifiritu ya ce wa Annabi Sulaimanu zai kawo gadon sarauniyar Saba'i kafin ya tashi daga majalisarsa. Wanda yake da ilimi daga Littafi ya ce zai kawo kafin ƙiftawar idonsa, kuma sai ga gado a gabansa, daga Yaman. Wannan mutumin ba annabi ba ne a wurin mafi yawan masu tafsiri. A Muslim, Annabi (SAW) ya ce Allah ya tattaro masa ƙasa har ya ga gabashinta da yammacinta. A Bukhari, da Ƙuraishawa suka ƙaryata shi, ya tsaya a Hijir, Allah ya bayyana masa Baitul Muƙaddas yana kallo yana siffanta musu. Tafiyar wata guda a raƙumi, sama da kilomita 1,200, ga ta a gaban ido. Sayyidina Umar yana kan mumbari a Madina ya ƙwala wa Sariya kira ya kama dutse, Sariya yana fagen fama a ƙasar Farisa ya ji. A nan gida ma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara karamomin Shehu Usmanu a Raudul Jinan. Nisa hijabi ne a kan ido. Wanda Allah ya yaye masa, babu nesa a wurinsa.

Abu Hafsat:
Ga shi nan an fara. Daga aya da hadisi sai a zarce, gobe a ce mana wani shehi yana sallar Juma'a a Makka alhali mun gan shi a ƙofar gidansa yana karɓar hadiyya. Ba mu musun karama, Ahlus Sunna sun tabbatar da ita. Amma kowane labari sai da isnadi. Da wannan ƙofar ake cinye dukiyar talakawa.

Sidi Bala:
Malam Abu Hafsat, ni ban ambaci shehin kowa ba. Abin da na kawo ka ce wanne ne ƙarya a ciki.

Abu Hafsat:
Ayar da hadisan ban musa ba. Jimlarka ta ƙarshe nake musu. Wa ya ce nisa hijabi ne kawai? Annabi (SAW) da kansa ya yi hijira a kan taguwa, kwana da kwanaki, ya ɓuya a kogo kwana uku. Da nisa ba gaskiya ba ne da bai sha wannan wahalar ba.

Shugaban Zaure:
Malamai a yi haƙuri da juna. Bawan Allah ya kawo damuwar ɗansa, kada mu mayar da ita rigimar da muka saba. A ci gaba, amma ban da gugar zana.

Alhaji Ɗanladi Direba:
Ni ba malami ba ne, shekara 26 ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. Amma kullum in zan tashi sai na karanta addu'ar tafiya, kuma a ciki akwai "waɗwi anna bu'udahu", wato Allah ka naɗe mana nisanta. Ashe abin da kuke jayayya a kai kullum ina roƙonsa. Kuma wallahi akwai daren da zan baro Tegina, in ɗaga kai in ga Mokwa, in rasa ina hanyar ta shiga. Akwai kuma ranar da wannan hanyar dai sai ka ce ana jan ta kamar roba. Amma fa man da mota take sha bai taɓa raguwa ba, wannan kam na lura.

Malam Nura:
Alhaji Ɗanladi, maganarka ta ƙarshe ta fi duk bayanina. Akwai lokacin da zuciya take ji, akwai wanda agogo da tankin mai suke ƙirgawa. Yawancin ruɗanin da ake yi, cakuɗa biyun nan ake yi.

Alaramma Mai Allo:
Allah ya gafarta malamai. Ina ta karatu ban sa baki ba, amma akwai ayar da ban ga an kawo ba, kuma a ganina ita ce ta raba gardama. Baƙara, aya ta 259. Mutumin da ya wuce wata alƙarya da ta rushe, ya ce yaya Allah zai raya wannan bayan mutuwarta. Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, masu tafsiri da yawa sun ce Uzairu ne. Allah ya kashe shi shekara 100, ya tashe shi, ya tambaye shi nawa ka zauna. Ya ce yini ko wani yanki na yini. Aka ce a'a, shekara ɗari. Sai aka ce dubi abincinka da abin shanka, bai canza ba. Kuma dubi jakinka.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. Abinci, wanda kwana biyu ya ishe shi ya lalace, yana nan lafiya lau. Jaki, wanda zai iya shekaru, ya zama ƙasusuwa, har a gaban idonsa aka harhaɗa su aka tufatar da su da nama. Wuri ɗaya fa. Ƙila tsakanin akushin da jakin bai fi taku biyar ba. Shekara ɗari ta bi ta kan wannan, ta tsallake wancan. Malam Nura, a iliminku akwai gudu ko janyowar da za ta yi haka?

Malam Nura:
Babu, Alaramma. Abu biyu da suke ajiye kusa da juna a ƙasa ɗaya, babu mai motsi, agogonsu ɗaya ne. Babu lissafin da zai ba da wannan.

Alaramma Mai Allo:
To ka gani. Ni abin da na fahimta, ba a nuna masa wata dabara da ke ɓoye a cikin halitta ba. An nuna masa cewa shi lokacin kansa bawa ne, inda aka ce ya bi nan yake bi, inda aka ce ya tsaya sai ya tsaya. Haka As'habul Kahfi, shekara 300 da ƙarin 9, suka farka suna cewa yini ko yankin yini, har suka aiki ɗayansu da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Ba gudu suka yi ba, a kwance suke ana juya su dama da hagu. Ƙarin taran nan ma Ibnu Kasir ya ce bambancin shekarar rana da ta wata ne, 300 ta rana ita ce 309 ta wata. Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi, kwana 11 a kowace shekara. Amma barcin kansa ba lissafi ba ne.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. To ni akwai wani bidiyo da ake ta turawa, wai an fitar da gudun haske daga Suratus Sajda, inda aka ce al'amari yana hawa a yini ɗaya wanda gwargwadonsa shekara dubu ne. Suka ce tafiyar wata a shekara 1,000 in an raba da yini ɗaya, sai ya ba da gudun haske cif. Shi ma ƙarya ne?

Malam Nura:
Ɗan'uwa, gwada da kanka. Zagayen wata sau ɗaya wajen kilomita miliyan 2.4 ne. Shekara dubu wata 12,000 ke nan. Ka ninka, ka raba da sakan 86,400 na yini. Za ka samu wajen kilomita 335,000 a sakan. Gudun haske kuwa 299,792 ne. Saɓanin ya haura kashi goma cikin ɗari. Masu bidiyon sai su shigo da wani ƙarin lissafi su rage adadin har ya zauna inda suke so. Wanda ya riga ya san amsa, ba wuya ya gyara hanya ta kai shi. Sannan a Suratul Ma'arij an ce yini mai shekara 50,000. Shi kuma gudun me zai ba mu? Ban ce suna da mugun nufi ba, so suke su burge matasa da addini. Amma yaro mai kaifin kai kamar Sadiƙu zai ɗauki kalkuleta, in ya ga an yi masa coge a nan, sai ya fara zargin sauran.

Ustaz Kabiru:
Na makara, amma bari in ƙara wani abu, don kada a ɗauka malaman Musulunci ba su taɓa zama a kan wannan mas'alar ba. Sun zauna, har ta kai ga kafirtawa. Ibnu Sina da masu bin falsafar Girka sun ce duniya ba ta da farko. Hujjarsu ita ce, in ka ce an fare ta a wani lokaci, to kafin nan fa? Me ya sa ba a yi ta tun da wuri ba, me ake jira? Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba su amsa a Tahafutul Falasifa. Ya ce shi zamani ɗin kansa abin halitta ne, tare da duniya aka fare shi, babu wani zamani kafinsa. Ya kuma buga musu misalin da har yau yana burge ni. Ya ce ku da kanku kun yarda duniya tana da iyaka ta fuskar wuri, kuma in wani ya tambaye ku me ke saman ƙarshenta za ku ce babu wani "sama" a can, wahami ne kawai yake ƙin tsayawa. To haka "kafin" yake. Ƙwaƙwalwa ce ba ta iya hutawa sai ta sa wani abu a gaban kowane abu. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba ya zo daga baya ya yi masa raddi, muhawarar ba ta mutu ba.

Abin lura, Gazali ya ɗaure wuri da lokaci a igiya ɗaya shekara kusan 800 kafin 1905. Ban ce ya gano abin da Einstein ya gano ba, kada Malam Nura ya taso mini. Da hankali ya kai can, ba da awo ba. Kuma tushensa yana cikin hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari: Allah ya kasance, babu wani abu sai shi.

Malam Nura:
Ustaz ba zan taso maka ba, ka faɗe shi da adalci. Abin da awo ya nuna a yau shi ne sararin samaniya yana buɗewa, kuma in aka bi shi baya ana kai wa wajen shekara biliyan 13.8. Cikin waɗanda suka fara kawo wannan akwai wani limamin coci ɗan Beljiyam, Lemaître, masanin lissafi, a 1927. A 1951 Fafaroma ya yi jawabi yana nuna cewa wannan binciken ya tabbatar da halitta. Shi Lemaître, mai binciken kuma mai imani, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun. Ya san ka'idar kimiyya tana iya sauyawa gobe, kuma duk abin da aka jingina da ita tare za su faɗi.

Abu Hafsat:
A nan kam na yarda da limamin cocin, duk da ban so ba. Kuma irin wannan ce ta sa wasu suke rikicewa a hadisin saukowar Ubangiji a sulusin dare na ƙarshe. Sai su ce ai duniya ƙwallo ce, in Kano tana sulusin dare Jakarta hantsi ne, to yaushe ke nan? Ibnu Taimiyya ya riga ya tattauna saɓanin dare tsakanin garuruwa a sharhin da ya yi wa hadisin. Kuskuren shi ne ka auna Mahalicci da ma'aunin abin halitta. Imamu Malik da aka tambaye shi yaya daidaituwa a kan Al'arshi take, cewa ya yi daidaituwa sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kai bidi'a ce.

Sidi Bala:
Yau ga ni ga Malam Abu Hafsat a sahu ɗaya. Maganar Malik ita ce tamu. Sai dai in ƙara da cewa a daren nan guda, Annabi (SAW) ya wuce Annabi Musa yana tsaye yana salla a ƙabarinsa, Muslim ya ruwaito. Ya kuma same shi a sama ta shida. To a ina Annabi Musa yake a wannan daren? Ni dai wannan ta ishe ni in san cewa "ina" ɗin ruhi daban yake da "ina" ɗin jiki.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum malamai, ku yi mini afuwa in shigo da tawa, ban san ko ta dace da nan ba. Mahaifiyata ta rasu shekara uku ke nan a watan Sha'aban. Mace ce da ba ta son zaman kaɗaici, ko wuta aka ɗauke sai ta kira ɗayanmu ya zo ya zauna kusa da ita, tana jan carbi tana riƙe da hannunka. Tun da aka kai ta, abin da yake cin raina shi ne in tuna tana can ita kaɗai tana jira, shekara uku, kuma wa ya san ko saura dubu nawa. Wani lokaci cikin dare sai in tashi in zauna ina ƙirga mata kwanakin. Da na karanta maganar Alaramma a kan mutumin da ya ce yini ko yankin yini, sai na kasa riƙe hawaye. Shin ita ma haka take ji? Ko kuwa tana jin tsawonsa kamar yadda nake ji?

Alaramma Mai Allo:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙuri 'yata. Tambayarki ta fi duk abin da muke yi tun safe dacewa da nan. Abin da ya zo a nassi shi zan faɗa miki. A hadisin Tirmizi, mumini in ya amsa tambayar mala'iku, ana yalwata masa ƙabarinsa a haskaka shi, a ce masa yi barci irin barcin ango, wanda ba mai tashinsa sai mafi soyuwar iyalinsa. Ki lura, wuri ne aka buɗa, ramin da mu muka haƙa da ɗan faɗinsa, kuma duhun da take gudu an ce ana haskaka shi. A ƙarshen Nazi'ati kuma an ce ranar da za su ga tashin alƙiyama, kamar ba su zauna ba sai maraice ɗaya ko hantsinsa. Kwanakin da kike ƙirgawa naki ne, da rana da wata ake ƙirga su, su kuma nan suke aiki. Ki mayar da wannan tashin daren addu'a da sadaka, su ne aka tabbatar mana suna isa gare ta.

Anti Rabi Nas:
'Yar'uwa Maman Ilham, Allah ya gafarta wa Mama. Ni a ɗakin tiyata nake aiki. Akwai wani dattijo da aka yi wa aiki na awa shida. 'Ya'yansa suna baranda, babbar 'yar ta zauna ta tashi ta fi sau hamsin, duk wanda ya fito da farar riga sai ta tare shi. Da ya farfaɗo ina tsaye a kansa ina duba ruwan da aka sa masa, ya buɗe ido ya kama hannuna ya ce, "'Yata, ku yi sauri ku fara mana, kada azahar ta wuce ni." A lokacin an yi isha'i. Na ce Baba ai an gama, ya ƙi yarda sai da ya shafa bandejin. Ban ce mutuwa haka take ba, wannan sai malamai. Amma na gani da idona awa shida ta kusa kashe na waje, shi na ciki ko sakan ɗaya bai ɗanɗana ba.

Maman Ilham:
Na gode Alaramma, na gode Anti. Allah ya saka da alheri. Ba zan iya rubutu da yawa yanzu ba.

Baban Sadiƙu:
Allah ya jiƙan mahaifiyarki Hajiya, ya jiƙan namu. 'Yan zaure, bayan la'asar na kira Sadiƙu zuwa shago. Na ba shi haƙuri a gaban yaran shagona, na miƙa masa wayar ya karanta tun daga sama. Ya daɗe a kan maganar abinci da jaki, ya koma ya sake karantawa. Yanzu haka ya karɓe kalkuletar shago yana buga lissafin watan nan, ya ce shi 333,000 ya samu, ba 335,000 ba. Malam Nura, wai a ina bambancin yake?

Malam Nura:
Madalla da Sadiƙu. Ni na taƙaita adadin ne da na rubuta miliyan 2.4. Ka ce masa ya ɗauki nisan wata daga ƙasa, kilomita 384,400, ya ninka da 2, ya ninka da 3.1416, sannan ya ci gaba daga nan. In ya gama ya turo mini abin da ya samu ta wayarka, akwai wani lissafin na agogon GPS da nake so ya gwada.